Baƙar Juma'a ba sallarmu ba ce: ƴan kasuwar waya, ku koma ga kalandarmu



Yau da ƴan kasuwarmu na cikin waya muke, masu saida kaya ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Namu ne, ƙannenmu ne da ƴaƴanmu, wasunmu ma da kanmu muna cikin sana'ar. Shi ya sa za mu faɗi maganar ba kwana-kwana.

Duk ƙarshen watan Nuwamba sai wayoyinmu su cika da baƙaƙen hotuna: "Black Friday! Babbar promo! Ragin kashi 50 cikin ɗari!" Mai turaren wuta a Maraɗi ta sa, mai takalma a kasuwar Dole ta Damagaram ya sa, mai atamfa a Wadata ta Yamai ya sa. Ka tsai da ɗaya daga cikinsu ka ce, don Allah mece ce wannan Baƙar Juma'ar, sai ya yi dariya ya ce ai haka ake yi yanzu. To bari mu faɗa. Al'ada ce ta Amurka. Suna da bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, washegari Juma'a kantuna su karya farashi, saboda daga ranar ake buɗe sayayyar Kirsimeti. Can abin yana da tushe: biki na tafe nan da wata guda, mutane sun yi tanadi, kantuna sun shirya kaya tun watanni. Ko ƴan kasuwar ƙasashen Larabawa da suka ari abin, sai da suka sake masa suna, suka ce Farar Juma'a, don sun san darajar ranar wurin abokan cinikinsu. Mu kuwa mun kwaso shi ɗungurungum, har da baƙin.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, mutumin da bai manta da ranar Amurkawa ba, shi ne kuma salla ke zo wa ba shiri. Azumi ya kama, shiru. An yi goma, an yi ashirin, shiru. Sai ana saura kwana uku salla ya farka, ya zuba hoto hamsin a status, ya aiko da saƙo ƙarfe biyun dare: "Sabbin kaya sun iso, ku hanzarta." Haba malam! Wane tela ne zai karɓi shadda ana jibi salla? Wane magidanci ne ke da sauran kuɗi a ranar? Wanda zai saya ya riga ya saya, a wurin wanda ya riga ka magana. Kai kuma kaya su kwana a hannunka, jari ya maƙale, bayan salla ka shiga neman wanda zai ɗauka ko da faɗuwa. Mata nawa muka sani da suka ɗauki kuɗin adashi suka saro kayan salla, suka makara wajen talla, har yau suna biyan bashi? Hausawa sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhali ba mu rasa kalanda ba. Tamu ta ma fi ta Turawa cika, don wata da ruwan sama da lekol da albashi duk suna juya kasuwarmu.

Ku duba. Kafin azumi akwai guguwar aure, kowa na son a ɗaura kafin wata ya tsaya: lokacin kayan ɗaki ke nan, da akwati, da turare. Azumi ya zo da sukari, dabino, gero, madara, mai da ƙanƙara. Goman farko ne lokacin yadi da shadda, domin tela ya samu sarari. Goman ƙarshe na takalma ne, da huluna, da kayan yara, da lalle da kitso. Daga ƙaramar salla zuwa babba wata biyu ne da kwana goma, wajen kwana 70. Babbar salla kuwa ba rago kaɗai ba ce. Duk wanda ya ga yadda ake jera raguna a kan itace ana gashi a titunan Yamai da Maraɗi ya san ranar tana cin itace da gawayi da wuƙaƙe da yaji da mai da manyan tukwane. Sannan ga tafiyar alhazai da dawowarsu, ga cika-ciki, ga Maulidi. Farkon damina manomi na neman iri da taki. Watan Oktoba yara na komawa lekol, uba na neman kaye da bik da jaka da yadin inifom. Kaka ta yi, gero da wake sun shiga rumbu, kuɗi sun shigo ƙauye, aure ya sake tashi. Sanyi ya shigo, ana neman bargo da rigunan sanyi da man shafawa. Disamba ga bikin ranar 18, ga Kirsimetin ƴan uwanmu Kirista, ga ƙarshen shekara, ga kokowar takobi da ke tara jihohi takwas a gari guda. Zafi ya dawo, kasuwar fanka da kula da sola ta buɗe. A bisa duk wannan, kowane ƙarshen wata ma'aikaci na jiran albashi.

Wanne ne cikin waɗannan ya zo ba sanarwa? Babu.

Za a ce mana, ai salla da ganin wata take, ba a san ranarta ba. Wannan ba hujja ba ce. Saɓanin kwana ɗaya ne, ko biyu in ya yi yawa. Kowa ya san shekarar Musulunci na matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara. A 2025 an yi ƙaramar salla a ƙarshen Maris, babba a farkon Yuni. Ɗan firamare ma zai iya lissafa maka inda ta shekara mai bi za ta faɗa. Kuma wannan matsowar ita ce ya kamata ɗan kasuwa ya zauna ya yi wa tunani. Sallar da ta faɗo cikin kaka daban take da wadda ta faɗo cikin bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, abincin dabbobi ya yi tsada. Sallar da ta zo ranar 5 ga wata, albashi na aljihu, daban take da wadda ta zo ranar 22. Azumin zafi, ga ɗaukewar wuta, yana nufin tela ba zai ɗinka abin da ya saba ɗinkawa ba. Wanda ya san haka, shi ke sanin kayan da zai saro, da ranar da zai fara talla, da ko zai buɗe wa mutane hanyar biya kaɗan-kaɗan.

Ga kuma hanya. Tun 2023 da iyakarmu da Benin ta rufe, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano sun koma zagayowa ta Lome da Burkina, tafiya ta ƙara tsawo. Wanda ke jiran kaya daga waje bai ƙara makonni a lissafinsa ba, da gangan ya yi. A 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa lekol zuwa ƙarshen Oktoba. A 2025 hukuma ta hana fitar da dabbobi waje gab da babbar salla. Irin waɗannan labarai su ne ɗan kasuwa zai kasa kunne a kansu, don su ke taɓa cinikinsa kai tsaye.

Makara laifi ne da ke cin mai shi. Akwai kuma laifukan da mu masu saye suke ci, kuma su ne suka sa muka ɗaga murya.

Na farko, ragin ƙarya. Shaddar da muka saya jika 15 makon jiya, yau an rubuta jika 25, an ja mata jan layi, an ce promo jika 18. Wa ake yi wa wayo? Garuruwanmu ba su da girman da za a ɓoye farashi. Ƙanwarmu ta saya, maƙwabciya ta saya, hoton tsohon farashin yana nan cikin waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da kuka yi ragin gaskiya ma ba mai yarda.

Na biyu, hoton aro. A ɗauko hoto daga shafin wani kanti na Dubai ko Turkiyya, a sa mana, mu aika kuɗi ta Nita ko Amana, kaya su iso tasha, mu buɗe mu ga abin da ko kama da hoton bai yi ba. Ka kira, a ce "ai hasken kyamara ne." Ka sake kira, an toshe lambarka. Masu ragon layya ma sun koyi nasu salon: a durƙusa ƙasa a ɗauki ɗan tunkiya ya fito kamar maraƙi.

Na uku, kutse. Ka kwanta lafiya, ka tashi ka iske an jefa ka cikin gurup uku da ba ka san masu su ba, bidiyo sun cinye megar da ka saya da guminka. Ka fita, a sake maido ka. An kwashi lambarka daga gurup ɗin biki ko na ta'aziyya ko na iyayen yara. Mafi muni, lambobin matan aure da ƴan mata sun bazu a gaban baƙi ɗari-ɗari, daga nan wasu marasa kunya su fara kira. Lambar mutum amana ce. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da aka ɗora wa aikin, HAPDP. Ko da ba doka, tarbiyyarmu ta hana shiga gidan mutum ba sallama, kuma waya yau ɗaki ce daga cikin ɗakunan gida.

Na huɗu, karɓar avansi a kan abin da ba za a iya cikawa ba. Telan da ƙarfinsa ɗinki 40 ne ya karɓi 90 saboda talla ta yi kyau. Daren salla yara na kuka, uba na tsaye bakin shago, tela ya kashe waya. Tallar da ta fi ƙarfin aikinka, kai take tona wa asiri.

Wani zai ce, ku kuna magana ne kawai, ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da jarin da zai yi shiri tun wata biyu. Mun ji, kuma mun san halin da ake ciki. Amma mai ƙaramin jari shi ya fi kowa bukatar shiri, don shi ne kuskure ɗaya ke kayarwa. Kuma shirin da muke nufi kaye ɗaya ne da bik. Ka rubuta lokutan shekara da suka shafi kayanka, uku ko huɗu sun isa. Kowanne ka ja baya mako shida, ka ce nan zan tambayi abokan cinikina abin da suke so. Mako huɗu, ka nuna kaya da farashi, ka karɓi oda. Mako biyu, ka tuna musu, ka faɗi ranar da za ka rufe karɓa. Makon ƙarshe na kai kaya ne da cika alkawari. Bayan salla ka aika gaisuwa, ka tambayi yadda kaya suka yi, ka rubuta abin da ya ƙare da wuri da abin da ya kwana. Wanda ya karɓi oda da wuri ma da kuɗin masu saye yake saro kaya, bai taɓa jarinsa ba.

Sannan ka nemi izini. Wanda ya sayi kaya wurinka, ka ce masa, in sabbi sun zo in sanar da kai? In ya amsa, ya ajiye lambarka. WhatsApp ɗin kansa haka aka gina shi: saƙon da ka watsa wa jerin mutane ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Mutum 80 da suka ce suna so sun fi dubu da aka tara da ƙarfi. Saƙo ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Ka sa hoton kayan da ke hannunka, ka rubuta farashi a fili, ka daina "zo inbox". Ka yi magana da murya cikin Hausa ko Zabarmanci, domin da yawan masu kuɗin sayen ba su karanta Faransanci. Status awa 24 yake yi ya ɓace, to ka sa shi lokacin da mutane ke riƙe da waya, kamar bayan shan ruwa, ba tsakar dare ba.

Masu hulɗa da ofisoshi da ƙungiyoyi da otal-otal, ku naku ta imel ne, kuma ku kuka fi kowa bukatar sammako. Ofis ba ya sayen ragunan ma'aikata ko sukarin azumi ko kalandar sabuwar shekara da saƙon jiya. Sai an kawo takardar farashi, an gwada da ta wasu, shugaba ya sa hannu, mai kuɗi ya fitar. Wasiƙa ɗaya gajera mai farashi da ranar kai kaya, wata biyu kafin lokaci, ta fi goma da aka aika a makon biki.

In kuma dole sai kun yi ragi a ƙarshen Nuwamba, to ku yi, lokacin ma ya dace, don kuɗin kaka na hannun mutane. Ku kira shi rangwamen kaka, tsohuwa a Tasawa ko Madawa ta ji ta gane, kuma ragin ya zama na gaskiya.

Mu ma masu saye da namu laifin. Mu ke kai ɗinki ranar 27 ga azumi mu ce tela ya yi mana alfarma. Mu ke ganin "kashi 70" mu aika kuɗi ga wanda ba mu san shagonsa ba, mun manta araha ba ta ado. Mu fara tambaya: ina shagonka, wa ya san ka, nuna mini kayan a bidiyo yanzu. Wanda ya cika alkawari mu faɗa wa ƴan uwa, wanda ya ci amana mu daina rufa masa asiri don kunya.

Iyayenmu da suka yi fatauci daga Maraɗi zuwa Kano, daga Galmi zuwa Abijan da albasa, ba su da status, amma sun san watan da kowane kaya ke tafiya, kuma kalmarsu ta isa takarda. Waya ta sauƙaƙa muku kai magana, sauran aikin yana nan yadda suka bar shi. Ku ɗauko kaye yau, ku lissafa kwana nawa ya rage azumi.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.