Wanda Muka Ɗora wa Kaya, Ina Zai Sauke?

Duk mai son ƙwallo a Tibati, daga masuntan Mbakaou har masu mashin na haya a bakin tasha, yana tune da daren 5 ga Fabrairu 2017. Kamaru da Masar ne a wasan ƙarshe na cin kofin nahiyar Afirka a Libreville, ci ɗaya da ɗaya, saura minti biyu a tashi. Aka cillo wata doguwar ƙwallo gaba. Vincent Aboubakar, yaron da Coton Sport ta Garwa ta rena, ya tare ta da ƙirji, ya ɗaga ta ta saman kan mai tsaron baya, kafin ta sauka ya narka ta, ta doki ƙasa ta wuce Essam El-Hadary. Kofi ya dawo gida bayan shekara 15.

Tun daga ranar ake cewa zuciya gare shi, wai haka Allah ya yi shi. Ban yarda baiwa ce kaɗai ba, kuma ina ganin wannan magana tana cutar da yaranmu, domin tana nuna musu cewa wanda ya firgice ranar gwaji, shi ke nan, ba a halicce shi da zuciya ba. A wancan wasan ma ai a benci Aboubakar ya fara, sai bayan hutun rabin lokaci aka sako shi. Abin da ya yi cikin ƙiftawar ido ya sha maimaita shi a filin atisaye inda babu mai tafa masa. Idan tsoro ya zo, zuciya na bugawa, baki na bushewa, tunani na cunkushewa, kuma wannan bai bar gwani ba, bai bar ɗan koyo ba. Bambancin kawai, gwani yana da abin da jikinsa ya riga ya haddace, sai ya koma kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi burge ni game da shi ya zo ne daga baya. A watan Satumba na 2018, yana Porto, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya yi asarar kusan kakar wasa guda yana jinya. Da gasar ta zo gida a farkon 2022, yana kyaftin, Masar ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe a bugun fenariti, kuma shi kaɗai ne ya ci nasa. Kwana biyu bayan wannan baƙin ciki, Burkina Faso ta zura musu uku ba ko ɗaya a wasan neman na uku. Mutane da yawa sun kashe talabijin sun tafi kwanciya. Ya taso daga benci ya ci biyu a mintuna na 85 da 87, aka tashi uku da uku, Kamaru ta yi nasara a fenariti. Ya gama gasar da ƙwallo 8, fiye da kowa. Mutumin da ya saba faɗuwa ya tashi ne ke iya wannan.

To amma a wannan gasar dai, a Garwa, a filin Roumdé Adjia, an ga ɗaya fuskar al'amarin. Najeriya ta ci wasanninta uku na rukuni a can, mutanen gari suka rungume ta. Ranar 23 ga Janairu 2022, Youssef Msakni na Tunisiya ya buga daga nesa, ƙwallo ta kuɓuce wa mai tsaron raga Maduka Okoye, aka fitar da Najeriya. Saurayi ne ɗan shekara 22. Kafin gari ya waye an cika masa shafukansa na sada zumunta da zagi, har da barazana ga rayuwarsa. Waɗanda suka yi wannan su ne gobe za su ce 'yan wasan yanzu ba su da zuciya.

Ba ƙwallo ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai irin Okoye a unguwanninmu na Tibati, sai dai su ba a nuna su a talabijin. Yaro ne da ya saba zuwa na ɗaya tun firamare, malamai suna misali da shi. Uba ya sayar da bijimi don kuɗin makaranta da littattafai, uwa tana tara ribar ƙosai. Tun yana ajin jarrabawar Probatoire 'yan uwa sun fara kiran sa likita. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Kai muke jira fa." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma kowace kalma ƙarin kaya ce a kansa.

Ku leƙa ɗakinsa a makon jarrabawa. Ƙarfe uku na dare, ruwan damina na dukan kwano, yana zaune a tabarma da fitilar waya a hannu, ga kofin Nescafé ya huce, ga ɓarin goro a gefen littafi. Ya karanta shafi ɗaya sau huɗu bai shiga ba. Wani abokin ma ya ba shi shawarar tramol, wai yana hana gajiya, kuma mun san yadda wannan ƙwaya ta lalata samari a arewacin Kamaru. Da safe ya shiga aji, aka raba takardu, ya duba tambayar da ya san amsarta jiya, kansa ya zama fayau. Barci ne ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa, shi kuwa ya hana kansa, domin an koya masa cewa wahalar da jiki ita ce ƙoƙari.

Ranar da sakamako ya fito babu sunansa, sai a sauya masa fuska. Ba a ko tambayarsa a wane darasi ya gaza. "Ina ilimin da ake ta faɗa?" Idan mace ce, sau da yawa faɗuwa ɗaya ta ishe a rufe maganar karatu a buɗe ta aure. Wannan zalunci ne, ko da cikin ɓacin rai aka yi shi. Ɗan dako ma ana yi masa gammo, ana nuna masa inda zai sauke ya huta, mu kuwa muna ɗora wa 'ya'yanmu burin zuri'a guda ba gammo ba masauki.

Akwai kuma abin da muke kira juriya alhali taurin kai ne, kuma tarihin garinmu ya isa ya koya mana. Tibati da Hamman Sambo ya kafa ta yi ƙarfin da har Yola ba ta iya tanƙwara ta yadda take so. Amma Lamiɗo Hamman Lamu ya kafa sansani ya yi wa garin Ngambe na Tikar ƙawanya sama da shekara 10, ya ƙi janyewa. A watan Maris na 1899 sojojin Jamus ƙarƙashin von Kamptz suka faɗa wa Tibati, Lamiɗo da rundunarsa suna can Ngambe. Babu mai musun jarumtakarsa, sai dai ganuwar da ya kafa wa ido ta ɗauke masa hankali daga abin da ke tahowa daga kudu. Haka wani uban ke tilasta ɗansa ya yi ta maimaita jarrabawar shiga makarantar likitanci shekara bayan shekara, alhali yaron yana da basirar da za ta yi fice a wani fannin a jami'ar Ngaundere ko ta Garwa. Sauya hanya bayan an auna da kyau shi ma yana buƙatar zuciya.

Malamanmu na addini suna da magani a hannu, ina roƙon su riƙa fitar da shi a lokacin jarrabawa. Tawakkali na gaskiya yana raba aiki biyu: ƙoƙari naka ne, sakamako na Allah ne. Yaron da ya gane haka zai shiga aji da kayan da ya fi ƙarfin wuyansa a ajiye. Malaman boko su kuma su saba wa ɗalibai da zaman gwaji irin na gaske, da agogo da shiru da mai sa ido, tun watanni kafin ranar, don kada bugun zuciya ya zo musu a matsayin baƙo.

Babban aikin dai na gida ne. Daren jarrabawa uba ya karɓe wayar, ya kashe fitila, ya ce, "Ɗana, je ka kwanta. Ko ka ci ko ka faɗi, tuwonka na nan, ɗakinka na nan." In kuwa sakamakon bai yi daɗi ba, a bar shi ya yi kukansa, namiji ne ko mace. Bayan kwana biyu a karɓo takardar maki, a je da shi wurin malaminsa, a zauna a duba ko lissafi ne ya kayar da shi ko Faransanci, a sake yi masa rajista kafin a koma makaranta a watan Satumba.