Taku ɗari tsakanin tukwane biyu: fim ɗin da ya kamata a yi a Bagudo

A waya na kalli fim ɗin The Hundred-Foot Journey, wani dare a Geza, kuma tun kafin ya kai rabi na fara jin haushin Kannywood.

Fim ɗin ya fito a 2014. Lasse Hallström ne ya ba da umarni, Steven Spielberg da Oprah Winfrey suna cikin waɗanda suka shirya shi, an kuma ɗauko labarin daga littafin Richard Morais. Wani iyali ne daga Mumbai, rikici ya ƙone musu gidan abinci, uwarsu ta rasu a gobarar. Suka yi ƙaura zuwa wani ƙauye a kudancin Faransa, suka buɗe gidan abincin Indiya daura da na wata Bafaranshiya mai ji da kai, Madam Mallory, wadda Helen Mirren ta fito a matsayinta. Titi ɗaya ne ya raba su. Om Puri ne uban, ɗansa Hassan shi ne gwanin girki.

An yi ƙorafi wurin magajin gari, an yi rige-rigen saye kayan miya a kasuwa don ɗaya ya rasa, har wasu suka cinna wa Indiyawan wuta. Abin da ya sauko da matar daga dokin girman kai wainar ƙwai ce, wadda Hassan ya sa aka zuba wa kayan ƙanshin gidansu.

Fim ɗin yana da daɗi, amma akwai inda ya ba ni kunya. A littafin sunan iyalin Haji, Musulmi ne a fili. A fim an mayar da su Kadam, aka rage maganar addini. Sannan ba a yarda Hassan ya iya girki ba sai da alƙalan Michelin na Faransa suka ba da tauraro. Wato tukunyar baƙo ba ta da daraja sai mai gida ya sa hannu.

Duk wanda ya san iyakar Bagudo da Benin ya san irin wannan titin, kuma a nan babu alƙali. Daga Tsamiya ka nufi Segbana, ko ka bi ta Lolo, abin karyawa ma sai ya sauya. A nan burodin yanka ne da shayi, a can dogon burodin nan mai ɓawo da Faransa ta bar wa ƙasashen da ta mulka. Ga wagashi, cukun da matan Fulanin arewacin Benin ke yi, su daskarar da madara da ganyen tumfafiya, su rina shi ja da karan dafi. Tumfafiyar nan da ke bayan gidan kowa, wadda ko akuya ba ta cika kula ta ba. Ga kifin kogin Neja. Bahaushe da Badande da Bafulatani da Bazabarme suna cin abincin juna, suna kushe na juna, suna kuma auren juna.

Rikici ma akwai shi. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Manomin Kebbi ya samu kasuwa, mai sayar da abinci kuwa ta rasa yadda za ta yi da farashi, 'yan uwa na ɓangarorin biyu suka koma bin hanyar daji. A ɗauki mace mai tuwo a wannan gefe, da wani mai shayi da ya ƙetaro daga can ya kafa teburinsa a gabanta a wannan shekarar. Me kuma marubuci ke nema?

Mun shafe shekaru muna aro daga Indiya, amma rawa da waƙa da soyayyar mutum uku muka ɗauko. A yawancin finafinanmu abinci ado ne kawai: a ajiye kuloli a falo, a zuba lemo, a ci gaba da zance. Da wuya ka ga kyamara ta shiga madafi ta tsaya a kan hannun da ke tuƙa tuwo.

Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu a mayar da littafi fim, an yi da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Za a ce fim ɗin girki ba zai sayu ba. Masu cewa haka su leƙa TikTok su ga yawan mutanen da ke kallon mata suna haɗa miya.

Roƙona ɗaya ga wanda zai yi shi: kada ya kwafi na Hallström ya sauya sunaye. Ya zo ya kwana biyu a kasuwar kan iyaka, kuma a ƙarshen fim kada a kawo wani babba daga Abuja ya ɗanɗana miyar ya ce ta yi.