Auren Ƙetare da Takardar Izinin Zama: Magana ga Dattawan Ikilisiya

Maganar da muke so mu kawo gaban fastoci, dattawa da shugabannin Zumuntar Mata a wannan fitowa ba a cika jin ta a wa'azi ba, amma kowace Lahadi tana zaune tare da mu a majami'a. Maganar baƙon da aure ya kawo mana ce: 'yar'uwar da aka auro daga Maradi ko Damagaram, ko ɗan'uwan da ya zo daga Kamaru ko Chadi ya auri 'yarmu ya zauna. Mu nan Indabo da ƙauyukan Wudil, Garko da Sumaila mun san irin waɗannan gidaje. An yi baiko, an ɗaura aure, an haifi 'ya'ya, amma da wuya a sami wanda ya taɓa tambaya ko a idon hukuma wannan mutum yana da izinin zama a ƙasar, in kuma yana da shi, yaushe zai ƙare.

Ra'ayinmu shi ne, ikilisiyar da ta ɗaura auren ita ce ya kamata ta fara yin wannan tambaya, kuma ta riƙa maimaita ta kowace shekara.

Dalilin da ya sa ba a damu ba a fili yake. Wadda aka auro daga Tsibiri ko Galmi Hausa take ji kamar mu, tuwonmu ɗaya, littafin waƙoƙinmu ɗaya. Mishan ɗin SIM da ta yi aiki a ƙasar Kano ita ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950, don haka zumunci tsakanin masu bi na nan da na can ya girmi 'yancin kan ƙasashen biyu. Ba mai kallonta ya ce baƙuwa. Amma jami'in shige da fice ba ya tambayar harshe, takarda yake tambaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza ya zauna kwana 90. Wanda zai wuce haka ana bukatar ya nemi katin zama a Hukumar Shige da Fice, katin kuma yana da wa'adi, sabunta shi ake yi. Kamaru da Chadi kuwa ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba, nasu sha'anin ya fi tsauri.

Yanzu ma ƙasar da aka dogara a kanta ta motsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga kamar da, har sai an ba da wata sanarwa. Mun gode wa Allah da wannan sassauci. Sai dai abin da aka ce “har sai an ba da wata sanarwa” ba a gina zaman iyali a kansa. A 2025 ɗin ne kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan ƙarewar bizarsa, da hana shigowa ƙasar da zai iya kai shekara 10.

Dattawanmu ba su manta da Janairu 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Nijeriya. An fi tunawa da mutanen Gana, amma 'yan Nijar da Chadi da yawa sun kama hanya a wancan lokaci, aka sake yin irinsa a 1985. Kafin nan, a 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, aka kai shi Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo da shi. In ɗan majalisa ya kwana a ƙetaren iyaka a kan maganar asali, ina ga matar manomi da ba ta da ko takardar aure? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan ne maganar ta shafi ikilisiya kai tsaye, domin duk wata takardar zama ta dalilin aure a kan shaidar auren take tsayawa. Dokar Aure ta tarayya, wadda ta samo asali tun 1914, ta shimfiɗa hanya. Ana ba da sanarwa ga magatakardan aure. Bayan kwana 21, kuma kafin wata uku su cika, sai ya ba da takardar izini. Da wannan takarda ne fasto zai ɗaura aure, a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe takwas na safe da shida na yamma, gaban shaidu biyu ko fiye. In majami'a ba ta da lasisi, ko ba a karɓo izinin magatakarda ba, abin da aka yi sa albarka ne. Allah ya shaida, jama'a sun shaida, in an biya sadaki bisa al'ada to auren gargajiya ne kuma doka ta san da shi. Amma katin nan mai hoton zobe da aka sayo a kanti aka rubuta sunaye ba shi ne takardar auren doka ba. Ƙananan ikilisiyoyi na ƙauye da yawa suna ɗaura aure shekara da shekaru ba tare da sanin ko ginin nasu yana da lasisi ba. Wannan tambaya ce da kowane sakataren ikilisiya zai iya kai wa ofishin gundumarsa a wannan watan.

Akwai masu cewa aure na Allah ne, ba na gwamnati ba, me ya haɗa bawan Allah da layin ofis? Muna girmama wannan tunani, amma Littafi Mai Tsarki bai goyi bayansa ba. Rut baƙuwa ce, mutuniyar Mowab, gwauruwa kuma. Da Bo'aza ya yi niyyar aurenta bai tsaya ga kyakkyawar zuciya kaɗai ba. A sura ta 4 ya tafi ƙofar gari, wadda ita ce kotun wancan zamani, ya zaunar da dattawa goma, aka warware maganar gona da ta aure a gabansu, aka tabbatar da ita ta hanyar da dokar ƙasar ta sani. Daga ranar ba wanda zai iya tasar Rut daga Baitalami. Haka Irmiya, a sura ta 32, da ya sayi gona a Anatot ya rubuta takarda, ya sa hatimi, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. Annabi ne, Allah ne ya umarce shi ya saya, duk da haka ya nemi tukunya.

Wasu kuma tsoro ne ke hana su. Suna ganin in ka kai kanka ofis ka tona wa kanka asiri, za a tambaye ka na goro, ko a wulaƙanta ka da zarar an ji sunanka na baftisma. Ba za mu ce wannan tsoro ba shi da tushe ba. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ƙaramar hukuma a matsayin ɗan tsiraru ya san yadda kallo ke canjawa wani lokaci. Amma wanda ya je da ƙafarsa, tare da fastonsa da dattijo ɗaya, kafin wa'adi ya ƙare, yana da bakin magana. Wanda aka tsayar a shingen hanya da katin da ya mutu shekara uku ba shi da shi, kuma shi ne ake tatsa.

Dokar ƙasa ma ta buɗe ƙofa fiye da yadda mutanenmu suka sani. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce macen da ke auren ɗan Nijeriya, ko wadda ta taɓa aurensa, tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. A lura da wannan: ko mijin ya rasu, ƙofar ba ta rufe ba. Sashe na 32 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ba miji ko matar ɗan ƙasa matsayi na musamman da cikakken izinin zama, in ba ya son ya canja ƙasa. 'Ya'ya kuwa, bisa sashe na 25, 'yan Nijeriya ne ta haihuwa muddin uwa ko uba ɗan ƙasa ne. Ana neman waɗannan ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma abin da za a fara tambaya shi ne shaidar aure.

Gwauruwar ce ta fi damunmu. A ce miji ya rasu, dangi suka taso a kan gona, wani a cikinsu ya tuna cewa ai matar nan 'yar Faransa ce, kamar yadda ake kiran mutanen Nijar, ta koma garinsu. Ba ta da katin zama, ba ta da takardar aure, faston da ya ɗaura auren an yi masa canji ko ya riga mu gidan gaskiya, littafin rajista kuma gara ta cinye. Ikilisiya za ta tara mata hatsi, za ta yi mata addu'a, amma abin da zai tsaya mata a gaban alƙali tun ranar biki ya kamata a tanada.

Wani abu kuma sai mun faɗa ko da ba zai yi daɗin ji ba. Akwai mazan da ke riƙe fasfo da katin matansu a akwatinsu, ko su ƙi sa hannu a takardar sabuntawa in an sami saɓani, don mace ta san ba ta da wurin zuwa. Wannan zalunci ne, kuma dattawa su ɗauke shi a matsayin laifin da ake kiran mutum a kansa, kamar duka. Takardar mace a hannunta ya kamata ta zauna.

Sashe na 26 ɗin nan yana da gurguwar ƙafa. Matar ɗan Nijeriya ya ambata, bai ambaci mijin 'yar Nijeriya ba. Ɗan'uwan da ya auri 'yarmu, in yana son zama ɗan ƙasa, sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kan gyara wannan, gyaran bai wuce ba. Nijar kuwa tun 2014 ta ba matanta ikon ba mazajensu baƙi ƙasa. Muna ganin shugabannin CAN da na ɗarikunmu su sa bakinsu duk lokacin da aka sake buɗe maganar gyaran kundi, domin 'ya'yanmu mata ne abin ke ci.

Sai kuma namu da suka tafi. Yaranmu da aure ya kai Ingila suna shiga da bizar wata 33, su sabunta ta wata 30, sai bayan shekara biyar su nemi zaman dindindin. Daga Afrilu 2024 sabon mai nema sai ya nuna kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara, a da 18,600 ne, ga jarrabawar Turanci. A Amurka, in auren bai kai shekara biyu ba, katin zama na shekara biyu ake bayarwa, kuma cikin kwana 90 na ƙarshe ne ma'auratan za su nemi a cire sharaɗin. Duka wuraren biyu suna neman hujjar cewa zaman aure ake yi na gaske, shi ya sa wasiƙu ke zuwa wa fastocin gida ana roƙon shaida. In auren gaskiya ne, a rubuta da sauri, da kwanan wata daidai da na rajista. In auren takarda ne, wanda aka shirya don biza kawai, ko ana so a ja kwanan wata baya, kada fasto ya sa hannu ko da ɗan dattijo ne ya roƙa. Hatimin ikilisiya ɗaya in aka kama shi da ƙarya, wasiƙun masu gaskiya da za su biyo baya sun zama abin zargi.

Abin da muke roƙo ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowace majalisar dattawa ta naɗa mutum ɗaya mai karatu, namiji ko mace, ya rubuta sunayen duk baƙin da aure ya kawo, irin takardar da kowa ke riƙe da ita da ranar da za ta ƙare, ya tuna musu saura wata uku. Waɗanda aka sa wa aurensu albarka kawai a taimaka musu su je wurin magatakarda. A ɗauki hoton kowane shafi na littafin rajistar aure a ajiye kwafi a ofishin gunduma. Ofishin Hukumar Shige da Fice na jiha yana Kano, daga Wudil tafiyar safiya ɗaya ce. A tambayi kuɗi da sharuɗɗan da ake bi a yanzu daga bakin jami'i a cikin ofis, a karɓi rasit, a guji 'yan tsakiya da ke tsaye a bakin ƙofa. Wadda ba ta da kuɗin mota, asusun taimakon gwauraye da marayu ya biya mata, dattijo ɗaya kuma ya raka ta.