Ciyawar Ado Ko Itatuwan Ƙasarmu?

Jama'a, a wannan mako ba gona za mu shiga ba, ƙofar gida za mu tsaya. Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna da rani ya ga yadda masu hali ke shimfiɗa ciyawar ado a gaban gidajensu, haka kuma ofisoshi da manyan makarantu. Kullum safe da yamma yaro na tsaye da tiyo yana ba ta ruwa, alhali kuwa a bayan katanga mata da yara ne jere da bokitai suna jiran ɗan garuwa. Ni dai a ganina wannan al'ada ba ta karɓe mu ba.

Asalin abin daga Ingila ne. Can ne wani Bature, Edwin Budding, ya ƙago injin yankan ciyawa cikin 1830, Turawan mulki kuma suka zo mana da sha'awar a barikokinsu. Wani abin mamaki, Kano ta fi Landan samun ruwan sama a shekara. Amma nasu yayyafi ne da ke sauka kowane wata, ga rana ba ƙarfi. Namu kuwa cikin wata huɗu ko biyar yake zubowa gaba ɗaya, sa'an nan sai hunturu da bazara su biyo. Ciyawa mai gajeren saiwa ba ta iya ƙetare wata bakwai ba ruwa, sai an ɗauke ta a kafaɗa.

To, bari mu yi lissafi. Fili mai faɗin mita 10, tsawo mita 10, idan za a ba shi ruwan da ya kai milimita 5 kowace rana, wanda da bazara ma da ƙyar ya isa, lita 500 ke nan, wato jarka 20 mai cin lita 25. Kullum fa! Ga kuɗin taki, ga man injin yanka, ga ladan mai ban ruwa. Bayan duk wannan wahala ba inuwa, ba 'ya'ya, ko akuya ba a bari ta taɓa. Har su Amurkawa masu son ta sun fara ja da baya: cikin 2021 jihar Nebada ta kafa dokar tumɓuke ciyawar da ba a kome a kanta sai kallo a yankin birnin Las Begas, saboda kogin da suke sha ya ja baya.

Yanzu dubi abin da Allah ya hore mana. Tsamiya ga inuwa mai sanyi rani da damina, ga na kunu. Ɗorawa ta ba ka garin ɗorawa da kalwar daddawa. Kuka ta ba ka miya. Magarya, kurna, aduwa, kanya da ɗinya, duk yara su sha. Babu ɗaya cikinsu da ke neman tiyo in ya kama, gama saiwarsa ta san inda ruwa yake. Gawo kuwa sarki ne: da damina ya kaɗe ganye, da rani sa'ad da ake bukatar inuwa ya yi kore shar, 'ya'yansa kuma dabbobi ba abin da suka fi so. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun nuna mana ƙarfin waɗannan itatuwa. Tun daga wajen 1983 manoma can suka riƙa barin tohon kututture a gonaki suna yi masa sassabe, ba dashe ba ban ruwa, har aka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5. Itacen da ya tashi a gona ba mai kula da shi, ƙofar gida za ta gagare shi?

Mai son fure ma bai rasa ba. Kariya tsakiyar rani take fid da jan furenta, sai dai ruwan jikinta dafi ne, kada a sa ta inda yara ke wasa. Shinge kuwa a kafa aguwa ko lalle. Inda ruwa ke zaizaye ƙasa a jera jema ko gamba, a bara a sami zana.

Na san abin da za a ce: gida zai zama daji, macizai su shigo. Ai iyayenmu ba su bar gida ya zama daji ba. Itace biyu ko uku, a share gindinsu tas, a shimfiɗa yashi ko tsakuwa, shi ke nan. Maciji duhuwa yake nema, ba ya son fili sharar̃re. Za a kuma ce suna da jinkirin girma. Wannan gaskiya ne, kaɗanya takan yi shekara 15 ba ta haihu ba, don haka a haɗa da magarya mai saurin tashi. Filin ƙwallon makaranta kuwa ban hana shi ciyawa ba, amma a sa ƙiri-ƙiri tamu, wadda in ta bushe da rani ruwan fari na sauka sai ta tashi.

Wanda ya yi niyya, ya haƙa ramuka tun yanzu ya zuba taki ruɓaɓɓe, ya dasa in damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Irin gawo da na ɗorawa ɓawonsu tauri gare shi, sai a ɗan kankare ko a jiƙa a ruwan zafi ya kwana. Kada a bar gawo ya daɗe a leda, don saiwarsa ƙasa take nufa. Kuka da tsamiya a nesanta su da gini da masai. A kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki, a riƙa ba shi ruwa sau biyu a mako cikin ranin fari, na biyu kuma a rage.