Jakar iskar Takata da zafin Duwala

Kamfanin Takata na Japan bai taɓa ƙera mota ba. Jakar iska yake yi, wadda ke kumbura ta tare ƙirjin direba idan an yi karo. A watan Yunin 2017 ya durƙushe, bashi ya yi masa katutu, bayan an umarci a cire jakunkunansa fiye da miliyan 100 daga motoci a faɗin duniya. Key Safety Systems, mallakar Ningbo Joyson na ƙasar Sin, ya saye shi kan dala biliyan 1.6, a 2018 aka sauya masa suna. Sai dai mai sayen ya ɗauki tsoka ya bar ƙashi: sashen da ya haifar da masifar ba ya cikin cinikin.

Matsalar tana cikin sinadarin da ke hura jakar. Takata ya zuba amoniyam naitret, irin wanda ake haɗa takin zamani da shi, don yana da araha. Idan ya shekara da shekaru yana shan zafi da laima sai ya lalace, ranar da aka yi karo kuma ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima, ya tarwatsa gwangwanin ƙarfen da yake ciki. Ɓarɓashin ya nufi wuya da fuska. Ɗan karon da a da za a sauko a yi cacar baki a rabu, sai ya ƙare a maƙabarta.

To, ina ya fi Duwala zafi da laima? Ruwan da ke sauka a nan ya haura milimita 3,500 a shekara, rigar da aka shanya a unguwar Niyu Bel ma sai ta ga dama take bushewa. Faransa ta riga ta nuna mana hanyar: mafi yawan waɗanda jakar ta kashe a ƙasar, a yankunanta masu zafi ne, irin su Gwadalup da Reyuniyon. Sai da wata mata ta rasu a Reims cikin Citroën C3 a watan Yunin 2025 kafin a tsaurara umarnin ajiye motocin.

A can akwai wasiƙa. Kamfanin mota yana rubuta wa mai ita, ya kawo a sauya masa kyauta. Motar da aka loda a Antwap, ta sauka tashar jirgin ruwan Duwala a matsayin motar gwanjo da ake kira "konjele", ta bi ta hannun dillalai uku, wa zai rubuta wa? Corolla da Yaris na shekarun 2000 suna cikin waɗanda abin ya shafa, su ne kuwa ake shafa wa fenti ruwan ɗorawa su zama tasi. A yawancinsu jakar da ake tsoro ta gefen fasinja ce, wato daidai kujerar da ake cusa mutum biyu, gwiwa manne da gaban mota, babu mai ɗamara. Daga nan wasu kan haura Ngaundere da Garwa har Njamena, a hannun 'yan kasuwarmu.

Ga kuma kayan gyara. Bakanike ya leƙa kasuwar Kam Yabasi ya samo sitiyarin gwanjo da jakarsa a ciki, ya ɗaura, fitilar gargaɗi ta mutu, kowa ya gamsu. Abin da aka hana hawa da shi a Turai ya shigo ta bayan gida. Wasu kan cire jakar gaba ɗaya, su cushe gurbin, alhali ƙaramar mota ba ta da doguwar gaba da za ta shanye duka.

Batun diyya kuwa, a shari'ar 2017 a Amurka an ci Takata tarar dala biliyan 1. Miliyan 850 na kamfanonin mota ne, miliyan 125 kacal na waɗanda suka ji rauni da iyalan mamata.

Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana jikin takardar mota, kuma Toyota da Citroën da Honda suna da shafukan intanet da ake saka ta a ga ko motar na cikin jerin. Kamata ya yi kwastan su nemi wannan shaida kafin mota ta bar tasha, masu binciken lafiyar mota su ƙara ta kan birki da fitila. Kafin nan, mai saye ya duba da wayarsa tun bai ƙirga kuɗi ba.