Araha Ba Ta Ado: Jitar Kanti Ko Gurmin Gida?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Da zarar hunturu ya kankama, ƙungiyoyi suka fara shirin fita shan iska zuwa Baturiya ko bakin Kogin Haɗejiya, sai ka ji ana cigiyar jita mai araha, wai don a kaɗa da dare ana jin ɗumi. Yaro zai matse cikinsa, ya rage kuɗin littafi, ya aika Sabon Garin Kano a sayo masa wadda ta fi kowace sheƙi, ta kuma fi kowace sauƙin kuɗi. Kafin damina ta zagayo wuyanta ya lanƙwashe, fuskarta ta tsage, an jingine ta bayan ƙofa tana shan ƙura. Ni ba kiɗa nake yaƙa ba, ba kuwa jita nake ƙi ba. Magana ta ita ce, wanda ya yi irin wannan ciniki an cuce shi sau biyu: mai kanti ya cuce shi, shi kuma ya cuci kansa da ya tsallake abin da ke ƙofar gidansu.

Bari mu fara da cutar farko, domin ita ce mai taɓa aljihu. Jita katako ce da gam, katako kuwa yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Masu ƙera ta sun ce ta fi zama lafiya inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. To, mu tambayi kanmu, wata nawa ne a shekara ƙasar Haɗejiya take haka? A tsakiyar hunturu laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20, har leɓe ya tsage, balle siririn katako. Watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, gam ya yi laushi. Watan Agusta kuma fadama ta cika, daga Auyo har Guri da Kirikasamma iska ta jiƙe sharkaf. A duk wannan hali tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jitar da fuskarta da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Jitar da aka haɗa da ɗanyen katako da gam na jabu ba za ta jure wannan ba. Wanda kuma ya zauna da ita dab da wuta, ko ya bar ta cikin but ɗin mota da rana tsaka, ya taya hunturu aiki ne kawai.

Saboda haka wanda ya ce lalle sai jita, to, ya daina cinikin biri a sama. Kada ka ba direba sautu, kada ka saya don hoton da ka gani a waya. Je ka da ƙafarka, ka tafi da wanda ya iya kaɗawa. Ka ɗaga ta ka hangi wuyan daga kai zuwa gindi kamar yadda kafinta yake hangen katako. In ya murɗe, ajiye ta. Ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 a kan wuyan. In ta zarce milimita 3 sosai, yatsunka za su yi ciwo har ka yi zuciya ka bar koyo, ka ɗauka kai ne ba ka da basira alhali kayan ne ba su da kirki. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan ka danne ta a ƙarfe na 12 ka sake kaɗawa. Murya ɗaya ya kamata ka ji, ta biyun ta fi siranta kawai. In sun saɓa, jitar ba za ta taɓa daidaita ba, ko wane gwani ya riƙe ta. Ka gwada zura takarda ƙarƙashin jakin da ya riƙe tsirkiyoyi a kan fuska. In ta shige, jakin ya fara ɗagowa. Ka murɗa kowane kunne na ɗaure tsirkiya ka ji ko yana zamewa. In mai tsirkiyar ƙarfe ce, ka tambaya ko akwai sandar ƙarfe cikin wuyan wadda ake murɗawa a miƙe shi in ya sunkuya.

Ga kuma abin da mai kanti ba zai gaya maka ba. Jita mai tsada wadda fuskarta falle ɗaya ce ta katako ta fi daɗin murya, amma ita ce ta fi saurin tsagewa a hunturu. Wadda aka manna siraran katako falle-falle ta fi juriya, ta kuma fi sauƙin kuɗi, don haka ita ta dace da mai yawo da ita a daji. Irin su Yamaha F310 mai tsirkiyar ƙarfe da Yamaha C40 mai tsirkiyar roba duk wannan ƙirar ce, sai dai a yi hattara da jabu masu ɗauke da sunan. Ta ƙarfe ta fi amo a fili inda babu bangon da zai maido da sauti, ta roba ta fi taushi ga yatsan ɗan koyo. Kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar da aka ƙera don ta roba, domin za ta ɓamɓare jakin. Jita mai araha daban, jitar banza daban. Gara mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi guda mai kyau tare da jakarta, da a ce kowa ya rungumo tasa mai kyan ɗan maciji.

Yanzu sai cuta ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo. Wane abu ne ɗan Haɗejiya yake nema a jita don hirar bakin wuta wanda gurmi bai da shi? Gurmi ƙoƙo ne da fata da sanda da tsirkiya biyu ko uku. Duma a gonakinmu yake fita, fata tana kasuwarmu, mai haɗawa ɗan'uwanmu ne, kuɗin kuma a garinmu zai tsaya. Ba shi da nauyi, ana rataya shi a kafaɗa a hau kwalekwale. In laima ta sa fatar ta saki, sai a kara ta kusa da wuta kaɗan ta koma ta ɗame. Ku duba fa, wutar da take kashe jita ita ce take gyara gurmi. In ƙoƙon ya fashe, a sake wani. Amma in wuyan jita ya murɗe, mutum nawa ka sani tsakanin Malam Madori da Kafin Hausa da zai iya gyara maka shi?

Abin takaici ma shi ne, wannan gari ba baƙo ba ne a wajen gurmi. Marigayi Haruna Uji ɗan Haɗejiya ne, da gurminsa ya shiga gidajen rediyo da kaset-kaset, har waƙoƙinsa na soyayya suka game ƙasar Hausa. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya yi wa talakawa waƙa, ya kuma kai ta ƙasashen waje. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Ashe jami'a ta san darajar makaɗan gida shekaru da dama da suka wuce, ɗalibinta ne har yanzu yake jin kunyarsu?

Mu faɗi gaskiya komai ɗacinta. Abin da ya hana ɗan boko riƙe gurmi ba rashin daɗin murya ba ne, tsoro ne kada a kira shi maroƙi. In ya rungumi jita sai a ce wayayye, in ya ɗauki gurmi sai a ce ya zubar da girman gidansu. Kiɗa ɗaya, tsirkiya ɗaya, amma an ɗaukaka wanda ya zo cikin kwali daga ƙetare, an ƙasƙantar da wanda ya fito daga hannun talaka. Mu da muke cika baki a ɗakin taro muna zagin mulkin mallaka da bambancin aji, mu ne kuma muke raya su a cikin hirarmu. A 1906 Sarkin Haɗejiya Muhammadu da jarumansa suka gwammace mutuwa da miƙa wuya ga Turawa. Jikokinsu kuwa ba a ɗora musu bindiga ba, sheƙin fenti kaɗai ya ishe su su raina nasu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce jita tana da tsirkiya shida, tana haɗa muryoyi da yawa a bugu ɗaya, ana iya kaɗa waƙar kowace ƙasa da ita, kuma duniya ta ci gaba. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma a dubi waɗanda suka ci moriyar jita da gaske a wannan yanki namu na Afirka. Ali Farka Touré na Niafunké a ƙasar Mali, wanda shi ma ɗan bakin kogi ne kuma manomi, da kayan kiɗan gida mai tsirkiya ɗaya ya fara. Da ya koma jita sai ya sa ta yin yaren garinsu, abin da ya sa duniya ta saurare shi ke nan har ya ci kyautar Grammy kafin rasuwarsa a 2006. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Malam Maman Barka, shi ma na Nijar, malamin makaranta ne, bokonsa bai hana shi shahara da gurmi ba. Daga baya ya tafi bakin Tafkin Chadi, inda ruwan koginmu yake nufa ta Komadugu Yobe, ya koyi biram na masuntan Buduma daga bakin gwani na ƙarshe, ya tsamo shi daga bakin ɓata kafin ya rasu a 2018. Ko banjo da Amurkawa suke taƙama da shi, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da duma da fata, wato ɗan'uwan gurmi ne na jini. Duk wanda kunnensa ya ƙoshi da kiɗan gida, in ya ɗauki jita zai faɗi sabon abu da ita. Wanda bai san na gida ba kuwa, iyakarsa kwaikwayon abin da ya ji a waya, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Mutanen wannan kwari sun fi kowa sanin illar shawarar da aka yanke ba tare da duban ƙasa ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suna ɗanɗana kuɗarsu. Batun jita ƙarami ne in aka gwada da wannan, amma tunanin iri ɗaya ne: a ɗauko abu don ya yi kyau a wani wuri, ba a tambayi iskar nan da ruwan nan da mutanen nan ba. Ɗalibin da ya saba da haka a kan kuɗin aljihunsa, gobe in ya zama babban sakatare haka zai yi da kuɗin jama'a.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai, daga Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya zuwa Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse. A cikin kuɗin da ake warewa don shagali, a sayi jita ɗaya mai nagarta ta zama ta kowa, a ajiye ta cikin jaka nesa da rana da wuta. Ragowar kuɗin a sayi gurmi da garaya da kuntigi da kukuma daga hannun masu haɗa su. A gayyato makaɗan da suka rage su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan baƙon malami, a zaunar da su kan kujera ba a tabarmar bakin ƙofa ba. A ɗauki muryoyinsu a adana tun suna raye. Kai kuma ɗan'uwa mai shirin fita bana, kafin ka aika Kano, ka zaga kasuwar garinku ka tambayi inda ake haɗa gurmi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.