Raddi Ga Masu Cewa Madubi Ba Ya Ganin Girkin Ganye

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu karatun kimiyyar tsirrai, wai ɓata lokaci ne a sa madubin ƙara girma don gano yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana. Hujjojinsu uku ne, kuma ban yarda da ko ɗaya ba.

Sun ce haske yana da iyaka. Gaskiya ne, Ernst Abbe ya nuna tun 1873 cewa madubin haske ba ya rarrabe abu biyu da tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kimanin nanomita 200, furotin kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. To amma wa ya ce dole sai da haske? Madubin lantarki ba ya ƙarƙashin wannan iyakar, kuma ita kanta iyakar an tsallake ta, abin da ya ba Betzig da Hell da Moerner kyautar Nobel a 2014.

Hujja ta biyu ita ta fi nauyi, shi ya sa na daɗe ina juya ta. Sun ce abin da aka daskarar don madubin lantarki gawa ne, gawa kuwa ba ta ba da labarin motsi. A nan suka yi tuntuɓe. Dubarar Jacques Dubochet, wadda ta kai shi ga Nobel a 2017 tare da Frank da Henderson, ita ce a sanyaya ruwa cikin ƙiftawar ido, ya sandare kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ta yayyaga tantanin halitta ba. Kowane furotin yana nan inda aikinsa ya same shi. Da wannan hanya, a 2017 ɗin, aka leƙa cikin gansakukar Chlamydomonas, aka ga dunƙulen Rubisko, sinadarin da ke cafke iskar kabon, ba a jere yake kamar dutse ba yadda aka daɗe ana zato. Zamansa irin na ruwa ne. Daskararren hoto yana cikin abubuwan da suka tona wannan asirin motsi.

Ta uku, wai manomi ba ya ƙaruwa. Na amince hoto kaɗai ba ya cika rumbu. Sai dai masu ƙoƙarin dasa wannan dunƙule cikin tsirran tudu, don su riƙa kama kabon da sauri, da wannan hoton suke aiki.

Ina roƙon masu wannan ra'ayi su duba hotunan Chlamydomonas ɗin da idonsu kafin su sake hana ɗalibi wannan fanni.